Haƙƙin Tsohon Soja Ya Bi Makararsa Har Madina da Awudome

Ranar 6 ga Agusta 2025 jirgi mai saukar ungulu na sojan Gana ya faɗi a dajin yankin Adansi a kan hanyarsa ta zuwa Obuasi, mutum takwas da ke ciki duk suka rasu. Biyu daga cikinsu Musulmi ne: ministan muhalli, Ibrahim Murtala Muhammed, da Alhaji Muniru Limuna na ofishin tsaron ƙasa. Da aka gama tantance gawawwakin, ba a ce wa iyalan waɗannan biyu su jira ranar babban taron ƙasa ba. Ranar Lahadi 10 ga wata aka sallace su a Akra, aka kai su maƙabartar soja da ke Tse Addo, kusa da barikin Burma Camp, aka rufe. Sauran shidan sai ranar 15 ga wata aka yi musu nasu a dandalin Black Star. Babu wanda ya ce an raba kan ƙasa, babu wanda ya ce an fifita wani addini. Gwamnati ta nuna ta san cewa gawar Musulmi ba ta zaman jira, kuma idan ta so tana iya daidaita girmamawarta da wannan gaggawa. To, wannan ga manya ke nan. Ina labarin kofur ɗin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana sa kaki, ya je Labanan, ya je Laberiya, ya dawo ya tsufa a ɗakin haya a unguwar Maamobi, ya cika bayan sallar Asuba?

Ra'ayina shi ne, duk abin da ƙasa ta ɗauki alkawarin yi wa tsohon soja ranar da ya rasu, kuɗin sutura ne, tuta ce, ko rubuta sunansa inda ba zai ɓace ba, ya kamata abin nan ya bi makararsa zuwa inda jama'arsa za su rufe shi, kuma ya zo a kan lokacin da addininsa ya tsara. Muddin ana auna girmama 'yan mazan jiya da samun fili a cikin katangar maƙabartar soja da faretin da aka shirya makonni, to mafi yawan tsofaffin sojan zango za su ci gaba da shiga ƙasa ba tare da ƙasar da suka yi wa aiki ta sani ba.

Zango ba baƙo ba ne a wannan magana, domin da ɗan zango aka fara ginin sojan wannan ƙasa. A 1863 Kyaftin John Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu, ya mai da su mayaƙa. A yaƙin 1873 zuwa 1874 da Ashanti ya zo da su Gwalkwas, wato Gana ta zamanin Turawa, ya ƙara ɗibar wasu a nan. Daga irin waɗannan mutane aka kafa rundunar 1879, wadda a 1901 ta zama rajimantin Gwalkwas. Shekaru da dama Hausa ce harshen bariki, da ita saje ke tsawata wa kurtu, ko kurtun Bamoshe ne, ko Bazabarme, ko ɗan Dagarti. Mutumin da tarihi ke cewa shi ya harba harsashin farko a ɓangaren sojan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, sunansa Alhaji Grunshi. A yaƙin Hitila kuwa kimanin mutum 65,000 aka ɗiba daga Gwalkwas, aka kai su Habasha da Bama. Sunayen barikokinmu har yau suna ba da wannan labari: Kamina a Tamale, Uaddara a Kumasi, Myohaung a Takoradi, Burma Camp a Akra. Unguwar Nima kanta, wadda Malam Amadu Futa ya sami filinta daga dangin Odoi Kwao a farkon shekarun 1930, yaƙin ne ya cika ta da mutane: masu aikin kuku da boyi da lebura a sansanin Amurkawa da ke kusa da filin jirgi, sannan sojojin da aka sallama bayan yaƙi suka zo suka kama ɗakuna. Asibitin soja na 37, da aka buɗe a 1941, maƙwabcinmu ne, da ƙafa ake zuwa.

Duk da wannan tsohuwar alaƙa, wanda ya je neman kaburburan mutanen nan zai sha wuya. A Osu akwai maƙabartar yaƙi ta Christiansborg da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ke riƙe da ita: ciyawa a gyare, duwatsu a jere sahu-sahu, kaburbura sama da 400 na Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawansu na 'yan Afirka ta Yamma. A nan ake taron tunawa kowace 11 ga Nuwamba. Mai bin sahun duwatsun yana karantawa zai ga yadda akawun ɗaukar soja ke rubuta suna a wancan zamani: sunan yanka, sai sunan ƙabila ko gari a madadin sunan uba, Moshi, Grunshi, Dagarti, Frafra, Wangara, Fulani. Mutum ya ba da ransa, amma ko sunan mahaifinsa ba a tambaya ba, jikansa kuma ba zai iya rantsuwa cewa wannan dutse na kakansa ne ba. Waɗannan ma su ne masu sa'a. A watan Afrilun 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoton bincike da ya amsa cewa mutanen da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aƙalla 116,000, watakila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su kwata-kwata ba. Rahoton ya kawo abin da gwamnan Gwalkwas Gordon Guggisberg ya faɗa a 1923, cewa talakan wannan ƙasa ba zai fahimci dutsen kabari ba, ba kuma zai san darajarsa ba. Mutumin nan ne dai ake yabo da gina asibitin Korle Bu da makarantar Achimota. Ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa a kan rahoton, bayan shekara kusan ɗari.

Ba na kawo wannan don a sake zagin Turawa, sun tafi tun 1957. Abin lura shi ne ba sai an yi niyyar mugunta ake shafe sunan mutum ba. Ya isa kawai a tsara ƙa'ida a kan jana'izar wasu, a ce saura su bi. Jana'izar da aka saba da ita a kudancin Gana tana da fili: a kai gawa ɗakin sanyi, a yi zaman mako ɗaya, dangi su sa rana, a buga sanarwa, a ɗinka ankon baƙi da ja. Tsohon shugaba Jerry Rawlings ya rasu ranar 12 ga Nuwamba 2020, ba a rufe shi ba sai 27 ga Janairu 2021. A cikin irin wannan tazara komai na ofis yana iya kammaluwa: takardar shaidar mutuwa, wasiƙa zuwa bariki, binciken lambar soja, sa hannun wane da hatimin wane, tanadin masu harba bindiga da mai busa bigila, da tutar da za a lulluɓa wa akwati. A Nima abin ba haka yake tafiya ba. Tsoho ya cika da asuba, kafin hantsi lasifikar masallacin unguwa ta faɗa, an aika yaro ya sayo farin yadi, masu wanka sun shiga, matasa sun tafi haƙa. Wani yana can yana fafutukar takardar izinin binnewa, wani yana zagayawa da hula ana jefa abin da ya sawwaƙa na motar da za ta ɗauki jama'a. Bayan Azahar an yi sahu a bakin titi, an sallata, an ɗaga makara sai maƙabartar Madina ko ta Awudome. Kafin Magariba an dawo an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa. Babu akwati balle a lulluɓa masa tuta. Idan ranar Asabar ce, ofishin da za a kai wa labari ma a rufe yake. Haƙƙin da sai an bi takarda kafin a same shi, a irin wannan rana, sunansa babu.

Sabuwar maƙabartar soja ta Tse Addo ba ta warware wannan ba, kuma ba za ta iya ba. An buɗe ta ne bayan tsohuwar maƙabartar soja ta Osu ta cika, wadda a cikinta aka rufe Manjo Maxwell Mahama a 2017. Sunayen da suka fara sa ta yi fice su ne tsohon mataimakin shugaban ƙasa Kwesi Amissah-Arthur a Yulin 2018 da Kofi Annan a ranar 13 ga Satumba na shekarar, dukansu ba soja ba. Ban ga laifin haka ba, ƙasa tana bukatar wurin ajiye manyanta. Amma ya kamata a faɗi gaskiya, wurin ya zama na manyan ƙasa da manyan hafsoshi da waɗanda suka faɗi a bakin aiki, kuma ko da an buɗe ƙofarsa ga kowane farabiti, fili ɗaya a Akra ba zai ɗauke sojan ƙasa gaba ɗaya ba. Ban da haka, tsohon da ya yi shekara talatin yana sallah a sahu ɗaya da mutanen unguwarsu, burinsa a kwantar da shi kusa da iyayensa da malamansa, inda 'ya'yansa za su je ziyara ba tare da an tsayar da su a ƙofar bariki ana tambayar katin shaida ba. Amurka, wadda ke da maƙabartar soja ta Arlington da ake ta misali da ita, ta daɗe da gane haka: ma'aikatar tsofaffin sojanta tana ba da dutsen kabari kyauta ga tsohon sojan da ya cancanta a kowace maƙabarta aka rufe shi a duniya, tana ba iyali tuta, kuma cikin alamomin da ake sassaƙawa har da wata da tauraro.

Abin da ake bukata a nan bai kai wannan tsada ba. Akwai hukumar kula da tsofaffin soja, VAG, wadda doka mai lamba 844 ta 2012 ta kafa a kan tushen tsohuwar ƙungiyar lijan. Aikin farko shi ne a rubuta mutum tun yana da rai: sunansa da na mahaifinsa, lambarsa, inda ya yi aiki, masallacin da yake sallah, wanda zai tsaya a kan gawarsa, da lambar wayar wannan mutum. Kwafin rajistar ya zauna a hannun limamin soja da kuma majalisar sarakunan zango. Ranar da ta Allah ta kasance, kiran waya ɗaya daga limamin unguwa zuwa layin da ba ya rufewa ya isa a tura kuɗin likkafani da kabari da mota ta MoMo, wato ta waya, yadda ake tura wa ɗalibi kuɗin abinci, sauran takardu su biyo baya. Girmamawar da ke bukatar shiri kuwa, al'adarmu ta riga ta ba ta gurbi. Muna da addu'ar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. Kwana arba'in ya ishi kowane ofis. A ranar ne ya kamata hafsa ɗaya da saje ɗaya su zo cikin kaki, su zauna a ƙarƙashin rumfa tare da jama'a, a karanta inda mamacin ya yi aiki, a miƙa wa iyalinsa tuta a naɗe da takardar abin da ya rage nasu. Wanda bai yarda da waɗannan zaman addu'o'i ba, kuma akwai su da yawa a Nima, sai ya zaɓi ranar da za a zo masa gida.

Ƙorafin farko da za a ji daga cikin gida zai fito, kuma shi ya fi nauyi. Za a ce Musulunci bai san wannan ba: sarki da talaka yadi ɗaya ake naɗe su, an hana gini a kan kabari, malamai da yawa sun karhanta rubutu a kansa, me zai sa mu shigo da faretin Nasara cikin maƙabartarmu? Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ban nemi a harba bindiga a bakin kabari ba, ban kuma nemi a jera farin dutse a Madina ba. Sai dai sanya alama don a gane kabari yana da asali: ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗora dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'unu don ya riƙa gane wurin. Rubuta sunayen mayaƙa da abin da kowa zai karɓa kuwa, Sayyidina Umar ne ya kafa diwaninsa. Sunan tsohon soja yana iya zama a littafi, ko a allo ɗaya a bangon ƙofar maƙabarta, kabarin ya zauna yadda sunna ta ce. Wannan ma ya fi dacewa da halin da ake ciki, tunda a maƙabartun Akra fili ya yi ƙaranci, tudun kabari kan baje cikin 'yan shekaru. Game da kuɗi kuma, ba sadaka ba ce da mutum zai ce ya yafe don tawali'u. Bashi ne da mamaci ke bi, ya shiga cikin abin da ya bari, rabon marayu ne da matar da za ta zauna takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita kasuwa. Babu ɗan'uwan da shari'a ta ba ikon yafe wannan a madadinsu saboda yana jin nauyin zuwa ofis.

Na biyu za a ce, rayayyu fa? Tsohon da ba ya iya sayen maganin hawan jini, me tutar bayan mutuwa za ta yi masa? Wannan ma haka ne, kuma tarihin ƙasar nan ya tabbatar. Waɗanda suka fito ranar 28 ga Fabrairu 1948 suka nufi fadar gwamna a Osu, ba kabari suke nema ba, haƙƙinsu na sallama da aikin yi suke nema, a mararrabar Christiansborg Sufuritanda Imray ya harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya ta buɗe hanyar samun 'yancin kai. Idan za a zaɓi ɗaya, fansho da magani ne gaba. Amma babu wanda ya ce a zaɓa. Rajistar da za ta sa a san mutum ya rasu, ita ce za ta sa a san yana raye yana jinya a wane lungu. Hukumar da ba ta san ranar da tsohon sojanta ya shiga ƙasa ba, da wuya a ce ta san abin da ya ci jiya. Kuma ranar mutuwa ce ranar da haƙƙin matar mamaci ya fi saurin salwanta, domin mai lambar da ya san ƙofar da ake bugawa ya tafi.

Sai batun maguɗi: in ana tura kuɗi da kiran waya, ai za a kashe mutane a baki a karɓa. Ƙasar da ta sha fama da sunayen bogi a takardar albashi tana da dalilin wannan tsoro. Amsarsa ita ce tantancewar ta koma farko, lokacin da mutumin yake tsaye da ƙafarsa da katin ɗan ƙasa a hannu, ba ranar da yake kwance ba. Sannan mutuwa a zango ba a ɓoye take ba. Liman ya sallata, ɗaruruwan mutane sun raka, mai kula da maƙabarta ya rubuta. Wanda zai haɗa bakin waɗannan duka saboda kuɗin yadi da mota, ya fi ƙarfin kowace takarda ma. Masu cewa wannan gata ce ta addini ɗaya kuma, su duba da kyau: ƙa'idar cewa haƙƙi ya bi gawa za ta amfani Kiristan da aka kai Keta da mai addinin gargajiya da aka kai ƙauyensu a bayan Bolgatanga. Musulmi dai shi ne wanda rashinta ya fi yi wa illa saboda ƙarancin lokacinsa.

Akwai kuma wata magana da ba a cika faɗa a fili ba, amma tana nan a zukata: ai waɗannan sojan Turawa ne, da su aka ci Kumasi, da yawansu ma ba 'yan ƙasa ba ne. Gaskiya ne an ɗebi mutane daga ƙasar Moshi da ta Zabarmawa da arewacin Nijeriya, gaskiya ne kuma dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969 ta watsa gidaje da yawa a zangogi, aka bar ƙasar cikin makonni biyu da abin da hannu ya iya ɗauka. Wannan dalili ne na ƙara himmar nemo sunayen, tunda jikokinsu suna Kano da Yamai da Wagadugu, wasu kuma suna nan Nima da katin Gana a aljihu. Ban da haka, sojan da suka yi yaƙin Bama sun kusa ƙarewa. Tsofaffin sojan da ke mutuwa a unguwanninmu yau na Gana mai 'yanci ne: waɗanda suka je Labanan, inda Janar Emmanuel Erskine ya fara jagorantar rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1978, da waɗanda suka sauka Monrobiya a 1990 ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo, da waɗanda suka tsaya a Kigali a 1994 tare da Janar Henry Anyidoho lokacin da wasu ƙasashe suka kwashe nasu. Da sunan waɗannan mutane Gana ke tinƙaho a taron duniya.

Mu ma muna da namu laifin, kuma ba ƙarami ba. Zango yana riƙe tarihi a ka, ba ya son rubutu sai na allo. Littafin sallamar tsoho yana ƙasan akwati tare da lambobin yabonsa, ruwan sama ya shigo ɗaki ya jiƙa shi, ko gobara ta cinye, ko a raba kaya bayan arba'in wani ya zubar da shi a matsayin tsohuwar takarda. Akwai kuma tsohuwar ƙyamar da gidajen malamai ke yi wa aikin bariki, wadda ta sa wasu iyalai ba sa ɗaukar sojancin kakansu abin faɗa. Ba sai mun jira majalisa ba kafin mu gyara wannan. Kowane masallacin Juma'a daga Kanda zuwa Maamobi yana iya buɗe littafi a ce duk gidan da ke da tsohon soja, rayayye ko mamaci, ya kawo suna da lamba, matasan da ke zaman majalisa a bakin titi da manyan wayoyi su ɗauki hoton kowace takarda kafin ta ƙarasa ruɓewa. Asusun raya zango da aka kafa da doka mai lamba 964 a 2017 yana gina magudanan ruwa da filayen ƙwallo, kuɗin allo ɗaya a ƙofar maƙabartar Madina ba zai gagare shi ba. Idan sarakunan zango da ofishin Limamin Ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, suka shiga wurin ministan tsaro da littafi mai sunaye da lambobi a hannu, za a yi maganar a kan mutane sanannu, kuma 'yan majalisar mazaɓun Ayawaso, waɗanda ƙuri'un Nima da Maamobi suka kai su kujera, za su sami abin da za su ajiye a gaban kwamitin tsaro kafin a zauna kasafin kuɗi na gaba.